Tsanin da Yaya ya bar mini

A zauren gidanmu na gado, can unguwar Bagalam ta Maraɗi, akwai wani dunƙulen baƙin ƙarfe da ya fi shekara talatin yana tokare ƙofa. Kamarsa ɗaya da tulu ƙarami, sai dai ba shi da rami, kuma an yi masa mariƙi mai kauri a ka wanda hannu biyu ke iya shiga. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta raɗa masa suna tun ranar da ta fara ganinsa. Ta zagaya shi, ta taɓa shi da ƙafa, ta ce: «Wannan wace irin buta ce, ba baki ba murfi?» Tun daga ranar kowa a gidan ke ce mata butar Rasha. In iskar farkon damina ta taso, ita ke hana ƙyaure bugawa. In layya ta matso, a mariƙinta ake ɗaure rago. Yara sun yi ta gwada ƙarfinsu a kanta, suka girma, suka yi aure, suka haifi waɗansu masu gwadawa.

Yayana ne ya zo da ita. Yana cikin samarin Nijar da suka samu guraben karatu a Tarayyar Sobiyat. Ya yi shekara shida a Krasnodar yana koyon ilimin aikin gona, ya dawo gida a 1986. Kayansa sun biyo shi daga baya cikin wani akwatin katako da ya sha teku har Kwatano, ya hau jirgin ƙasa zuwa Paraku, kana babbar mota ta ƙaraso da shi. Muka taru muna sa ran rediyo ko agogon bango. Da aka ɓalle ƙusoshi sai ga littattafai masu baƙaƙen da babu mai iya karantawa, da wata hular gashi wadda ko a tsakiyar hunturu ba ta sawuwa a ƙasarmu, da wannan ƙarfe. Baba ya tambayi kuɗin dako. Da aka faɗa masa, ya dubi ƙarfen, ya dubi ɗansa, ya shige ɗaki bai ce uffan ba.

Ina ɗan shekara goma sha bakwai a lokacin. Nakan ga Yaya bayan sallar asuba a tsakar gida, yana lilo da ƙarfen nan tsakanin ƙafafunsa, ya ajiye, ya rubuta wani abu, ya sake ɗauka. Ban taɓa tambayarsa abin da yake rubutawa ba. Sannu a hankali aikin ofis ya zo, mota ta zo, iyali suka yi yawa, tumbi ya fito, buta ta koma zaure. A 2019 hawan jini ya kayar da shi a bakin ƙofar gidansa, ɓarin jikinsa ya shanye, bayan kwana goma sha ɗaya ya cika. Bai kai shekara sittin ba.

Bayan sadakar arba'in na je asibiti a auna ni, don tsoro ya shige ni. Likita ya ɗaura mini abin awo, ya ce 16 da 10. Ya sake aunawa bayan mako guda, lambar ba ta sauka ba. Ya tambaye ni sana'ata, na ce malamin lissafi ne ni a lise. Ya tambaye ni yaushe rabona da in yi tafiyar da ta sa ni gumi, na yi ta tunani ban tuno ba. Daga gida zuwa makaranta a kan moto, daga makaranta zuwa fada a sha shayi mai sukari har zagaye uku, daga fada zuwa tulin takardun gyara. Ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri, in nemi abin da zai motsa mini jiki aƙalla minti 150 a mako. A ranar da yamma na biya gidan gado, na ɗora butar Rasha a bayan moto, na ɗaure ta da roba, na kai ta gidana.

Kafin in ba da labarin wautata, bari in gaya wa mai karatu asalin wannan abu, don ba kayan wasa ba ne tun farko. Mutanen Rasha suna kiransa girya, kuma dutsen awo ne na ƴan kasuwa, da shi ake auna hatsi a kan sikeli. Ma'auninsu na dā shi ne pud, wanda ya yi daidai da kilo 16 da giram 380. Shi ya sa har yau girya ke zuwa da nauyin kilo 16, da 24, da 32, wato pud ɗaya, da ɗaya da rabi, da biyu. Tamu ta pud ɗaya ce. Manoma da ƴan dako, in sun tashi daga awo, sai su shiga gasar wanda zai fi ɗaga dutsen, abin ya zama nishaɗin ranar kasuwa. A 1885 wani likita mai suna Vladislav Kraevsky ya kafa ƙungiyar masu motsa jiki da nauyi a birnin Santa Fitasbag, ya shigar da girya cikin tsarin kiwon lafiya. A 1948 aka yi babbar gasa ta dukan Tarayyar Sobiyat, a 1985 kuma aka yi gasar zakaru ta farko a garin Lipetsk, wato Yaya yana can ƙasar ke nan. A gasar yau, ana ba ɗan wasa minti 10 ya ɗaga ƙarfe iya yawan da zai iya ba tare da ya ajiye ba. Wanda ya fitar da girya zuwa sauran duniya a zamaninmu shi ne Pavel Tsatsouline, haifaffen Minsk, wanda ya koma Amurka da zama, ya rubuta maƙala a kanta a 1998, ya bi da littafi a 2001. Masu jin Ingilishi suna ce mata ketilbel, kalmar da farkonta ke nufin buta. Ashe mahaifiyarmu ba ta yi kuskure ba.

Uwar dukan aikin girya ita ce lilo. Mutum ya tsaya, ƙafafu a buɗe kaɗan fiye da faɗin kafaɗa, ƙarfen yana gabansa kamar taki guda. Ya tura ƙugu baya kamar mai rufe ƙofa da mazaunai, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, gadon baya ya miƙe sumul. Ya kama mariƙi da hannu biyu, ya fizgo ƙarfen baya tsakanin cinyoyi, sannan ya miƙe da ƙarfi a lokaci guda, yana fitar da numfashi. Ƙarfen zai tashi da kansa har daidai ƙirji, ya ɗan tsaya a iska, ya dawo. Hannu ba ya ɗagawa, igiya ce kawai. Ƙugu da tsokar bayan cinya su ke aikin. Lilo goma ba ya wuce daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin. Uwargidana ta tsaya tana kallona a rana ta farko, ta ce: «Mushe, ai wannan daka ne aka juya. Mu muna kai taɓarya ƙasa, kai kana kai ta gaba. Amma in mace ta yi daka da baya a tanƙware haka, ba ta kai azahar.» Na yi dariya, ban saurare ta ba.

Na karanta cewa lilo ɗari a rana shi ne ma'aunin da ake so. Ni kuma mutum ne mai son gama abu a zama ɗaya. Haka nake gyaran takardun jarrabawa, haka nake cin tuwo. A rana ta biyar na ƙudurta sai na yi ɗarin nan ban ajiye ba. Ashirin na farko sun yi kyau. Daga talatin hannuwana suka fara zafi, numfashi ya rikice. Daga arba'in ƙarfen ya daina kai ƙirji, na shiga taimaka masa da kafaɗa. Wajen hamsin da ƴan kai na ji wani abu ya tsinke mini a ƙasan baya kamar an soka mini tsinke mai zafi. Na saki ƙarfen, ya tona rami a tsakar gida, ni kuma na durƙusa a gefensa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa. Mako uku ina salla a zaune. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne in shiga masallacin unguwa, dattawan da suka girme ni da shekara ashirin suna kai goshi ƙasa, ni ina kan kujerar roba a ƙarshen sahu. A aji kuwa ban iya ɗaga hannu in rubuta a saman allo, sai na sa wani ɗalibi ya yi mini. Da aka tambaye ni, na ce sanyi ne ya kama ni.

Ina cikin jinyar nan babban ɗan Yaya ya zo duba ni. Da ya ji abin da ya faru, bai ce kome ba. Washegari ya dawo da wani tsohon kaye mai bangon shuɗi, irin na ƴan lakwal, ya ce: «Baba ƙarami, na tsinci wannan cikin kayan marigayi. Ban gane kansa ba, duk lambobi ne. Ku ne masu lissafi.» Na buɗe. Kowane shafi da kwanan wata a sama, daga 1984 har 1991, a ƙasa kuma layuka: 1, 2, 3, 4, 5. Sai wani layi: 1, 2, 3, 4, 5. Waɗansu shafukan 2, 4, 6, 8, 10. Waɗansu 5, 10, 15, 20. A gefen kowane shafi an tattara jimla an zagaye ta da biro. A saman shafin farko akwai kalma ɗaya da baƙaƙen Rasha, ya fassara ta a ƙasa da Faransanci, ma'anarta tsani.

Shekara kusan talatin ina koyar da jerin lambobi masu tazara ɗaya. Na san cewa in ka tara daga 1 zuwa 10 za ka samu 55, na san dabarar da ake cewa Gauss ya gano yana yaro, lokacin da malaminsu ya ce su tara daga 1 zuwa 100, ya haɗa na farko da na ƙarshe, ya ba da amsa 5050 kafin ƴan ajinsu su gama feƙe alƙalami. Ban taɓa zaton wannan darasi zai iya shafar ƙashin bayana ba. Da na bincika, na tarar da cewa tsarin sananne ne. Pavel ya ce ya same shi ne wajen sojojin Sobiyat, waɗanda ke taruwa a gindin sandar jan jiki: wannan ya ja ɗaya, kowa ya ja ɗaya, ya ja biyu, kowa ya ja biyu, haka har inda ƙarfi ya tsaya, sai a dawo kan ɗaya. A littafinsa na 2006 ya ɗora tsarin a kan ɗaga girya sama da kai da hannu ɗaya: ana farawa da tsani uku mai mataki uku-uku, a yi ta ƙarawa cikin makonni har a kai tsani biyar mai mataki biyar-biyar, wato ɗagawa 75 ga kowane hannu.

Ga yadda abin yake a aikin lilo. Tun da lilo ɗaya ko biyu ba ya gajiyar da mutum kamar ɗagawa sama da kai, sai a faɗaɗa tazarar matakan. Ka yi 5, ka ajiye, ka huta. Ka yi 10, ka ajiye, ka huta. Ka yi 15. Ka yi 20. Tsani ɗaya ke nan, jimlarsa 50. Sai ka dira ƙasa, ka sake farawa daga 5. Tsani biyu sun ba ka ɗarin nan da na nemi ci da haɗama har ta karya ni. Dirowar nan ita ce sirrin. Akwai wani tsari mai kama da shi da ake kira dala, inda ake hawa daga 1 zuwa 10 a sauko 9, 8, 7 har 1. Jimlarsa 100 cif, abin sha'awa ga mai lissafi, don goma sau goma ke nan. Amma a dala, da ka gama mafi wuya sai mai bi masa a wuya ya tare ka alhali kana haki. A tsani kuwa, bayan mafi wuya sai mafi sauƙi. Biyar ɗin da ke bin ashirin kusan hutu ce, amma hutun da ake ƙidayawa cikin aiki, kuma a cikinta hannu da ƙugu ke tuna yadda lilo mai tsabta yake.

Dalilin haka yana cikin halittar tsoka. Tsoka tana da randa, tana kuma da rijiya. Randar wani sinadari ne da masana ke kira fosfokiriyatin, wanda ke ba da ƙarfi nan take, amma in ana aiki da iyakar ƙarfi yakan ƙare cikin daƙiƙa goma ko makamancin haka. In aka huta, rabinsa kan dawo cikin kimanin daƙiƙa 30, ya cika cikin minti 3 zuwa 5. In randa ta ƙafe ba a tsaya ba, sai tsoka ta shiga ƙona sukari da gaggawa, tsami ya taru a cikinta, a ji zafi, riƙo ya yi sanyi, gudu ya ragu. Jiki kuwa ba ya son kunya: in ƙugu ya gaza, sai ya miƙa aikin ga gadon baya ba tare da ya shawarci mai shi ba. Nan ne na faɗa. Tsani yana sa yawancin aikin ya kasance lokacin da randa ke da ruwa, ya bar ka ka leƙa gajiya sau ɗaya kawai a kowane hawa. In na yi 20 sau biyar, zubi biyar ɗin duk masu wuya ne. In na yi tsani biyu, zubi takwas na yi, biyu kaɗai ne masu wuya, jimla kuwa ɗaya ce.

Akwai wata fa'ida da ban karanta a ko'ina ba sai da na ji ta a jikina. Wuraren da suka fi haɗari a lilo biyu ne: ɗaukar farko daga ƙasa, da ajiyewar ƙarshe. Mai yin ɗari a jere sau ɗaya yake ɗauka, sau ɗaya yake ajiyewa, kuma ajiyewar tana zuwa ne lokacin da hankalinsa ya gushe. Mai tsani yana ɗauka sau takwas, ya ajiye sau takwas, har abin ya zame masa jiki. Yanzu ko buhun gero zan ɗaga daga ƙasa, ƙuguna ke fara komawa baya kafin in yi tunani.

Da likita ya ba ni izini, bayan wata biyu, na fara da tsanin da ɗan shekara goma zai raina: 2, 3, 5, sau uku, lilo 30 ke nan. Na sayi kaye irin na Yaya. Ƙa'idojin da na bi uku ne, kuma daga shafukansa na tsamo su, don na lura yadda lambobinsa ke tafiya. Ta farko, a ƙara yawan tsani kafin a ƙara tsawonsa. Sai 2, 3, 5 ta kai sau biyar ba wahala kana na ɗora mata 10 a kai. Ta biyu, hutu ya bi girman mataki: bayan ƙaramin zubi numfashi kaɗan ya isa, bayan babba sai na jira har in iya yin magana cikakkiya ba tare da haki ya yanke ta ba. Ta uku, wadda ta fi mini wuya, ita ce a tsaya mataki ɗaya kafin lalacewa. In ƙarfen ya kasa kai ƙirji, ko diddige ya ɗaga, ko na ji kafaɗa na son shiga aikin da ba nata ba, to tsanin ya ƙare a nan, na gaba kuma zai tsaya a matakin da ke ƙasa da wannan. A kayen Yaya akwai ranakun da ya rubuta 5, 10, 15, ya ja layi, bai kai 20 ba. Da farko na ɗauka lalaci ne. Yanzu na san waɗannan ranaku su suka ba shi shekara bakwai ba tare da rauni ba.

Wata shida ya ɗauke ni kafin in kai tsani biyu na 5, 10, 15, 20. Ina yi sau uku a mako, bayan asuba, don a watan Afrilu na Maraɗi wanda ya jira hantsi ya jira wuta. A watan azumi nakan sare matakan sama, in bar 5 da 10 kawai, bayan an sha ruwa. Da kilo 16 ta yi mini sauƙi, na koma lilo da hannu ɗaya, dama da hagu, na sake dirowa kan 2, 3, 5 kamar sabon shiga. Na ji labarin wani mai horarwa ɗan Amurka, Dan John, wanda a 2013 ya fitar da wani shiri na lilo 10 000 cikin zama 20, wato 500 a kowane zama, a tsare 10, 15, 25, 50 har sau biyar, maza da kilo 24, mata da kilo 16. Shi ma tsani ne, amma na ƙattai. Na duba lissafinsa na ga ya yi daidai, na duba shekaruna na ga ba nawa ba ne.

Kada mai karatu ya ɗauka magani nake talla. Har yau ina shan ƙwayar da likita ya rubuta mini, kuma ba zan bari ba sai ya ce. Awona ya sauko zuwa 13 da 8, amma gishiri ma na rage, shayi ya koma zagaye ɗaya, kuma sau biyu a mako da ƙafa nake zuwa makaranta. Ba zan iya raba wa kowanne rabonsa ba. Kuma ba kowane baya ne ke karɓar lilo ba. Wani masanin ƙashin baya na jami'ar Waterloo a Kanada, Stuart McGill, ya auna abin a 2012 shi da abokin aikinsa, suka tarar da lilo yana tura gaɓoɓin ƙasan baya ta wata fuska da ta saba da ta ɗaga kaya na yau da kullum. Shi ya sa waɗansu ke samun sauƙi da shi, waɗansu kuma ya tayar musu da ciwo. Mai hawan jini kuma kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri. A fara da likita, a nemi wanda ya iya ya duba tsayuwar mutum.

A fada an yi mini ba'a iyakar ba'a. Wani abokina, malamin tarihi, ya ce: «Mushe, in ƙarfi ya yi maka yawa, ga gonata can hanyar Tibiri tana neman noma na biyu. Kakanninmu da hauya da guga suka yi ƙarfi, ba su aiko da ƙarfe daga Rasha ba.» Gaskiya ya faɗa. Matar da ke jan ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ba ta buƙatar girya, haka ƴan kokowar da ke neman takobi tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, yawancinsu gona da kiwo ne suka gina su. Sai dai ni da shi ba mu cikinsu. Mu ne zuriyar farko a gidajenmu da ke cin abinci da kujera da alli, cin manoma muke yi, aikin manoma ya bar mu. Gonarsa tana buƙatata wata uku a shekara. Jinina yana hawa wata goma sha biyu.

Akwai kuma sukar da ni kaina nake yi wa tsani. Yana iya zama maɓoyar rago. Jimlar da ake zagayewa a gefen shafi tana da daɗin gani, mutum na iya tara ɗaruruwa da ƙananan matakai, ya yi shekara bai taɓa leƙa iyakarsa ba. Wanda kuma ke nufin gasar minti 10 dole wata rana ya koyi zama cikin gajiya, tsani kaɗai ba zai kai shi ba. Hatta yin 10 sau goma, wanda Pavel ya tsara a wani littafinsa na 2013, hanya ce mai kyau, ba ta da aibu. Na zaɓi tsani ne don na san halina. Ni mai haɗama ne, ina buƙatar tsarin da zai ba ni ashirin in ji daɗi, ya kuma tilasta mini komawa biyar ko ina so ko ba na so.

Ƴan uwana malamai za su gane inda zancen ya nufa. Shekaru da yawa ina jera wa ɗalibai aikin gida daga mai sauƙi zuwa mai wuya, in ƙare da mafi wuya, su rufe kaye da ɗacin kasawa a baki. Bana da bara na gwada wani abu: tambaya mai sauƙi, matsakaiciya, mai wuya, sai kuma mai sauƙi ta sabon babi. Ban auna sakamakon da ma'aunin bincike ba, don haka ba zan yi da'awa ba. Abin da na gani da idona shi ne yaran bayan aji, waɗanda dā ke ajiye biro a tambaya ta huɗu, yanzu suna kai ƙarshen shafi. Na kuma tuna malaminmu na allo, wanda ba ya biya wa yaro sabon karatu sai ya koma ya kawo na baya da ya riga ya iya. Muna ganin ɓata lokaci ne. In na zo darasin jerin lambobi a ajin kusa da ƙarshe, nakan ce su lissafa mini lilo nawa dattijo zai yi in ya hau tsani uku daga 2 zuwa 10 da tazarar biyu-biyu. Su ce 90. Ba su san dattijon ne tsaye gabansu ba.

Ɗan Yaya yakan zo ranar Lahadi da asuba. Yanzu ya kai shekarun da tumbi ke fara sallama, kuma ya san abin da ya kashe mahaifinsa. Mukan sa buta a tsakiya, in yi biyar ya yi biyar, in yi goma ya yi goma, hutuna shi ne aikinsa, kamar mata biyu a kan turmi ɗaya. Wani lokaci in mun kai goma sha biyar yakan dube ni ya ce: «Baba ƙarami, mu ƙarasa?» In na ji ƙuguna ya yi nauyi sai in ce a'a, mu sauka. Yakan yi mamaki, don ya san ni da taurin kai.

Shafin ƙarshe da Yaya ya rubuta yana ɗauke da kwanan wata na Nuwamba 1991, watan da aka ba shi babban ofis. Layi ɗaya ne a ciki: 5, 10. Babu jimla a gefe, babu zagaye. Na sha zama ina duban shafin nan, ina cewa da ma wani ya kira shi a waya ne, ya ce bari ya dawo ya ƙarasa. Sauran shafukan farare ne, ashirin da shida. Na ba ɗansa kayen, na ce ya ci gaba daga shafi na gaba, ya fara daga biyar. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta, mu kuma ya ba mu lafiyar kai goshi ƙasa har ranar da za a kira mu.